Bin sawun "run": kundin aikin ɗan littafi a kan kalma ɗaya

6 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa ajiye inda aiki ya kwana. Aikin kuwa ɗan littafin jagora ne a kan kalmar Turanci guda ɗaya tak, *run*, saboda mai karatun da ya iya Turanci daidai gwargwado amma kalmar take ɗaure masa kai a jarida, ko a takardar aiki, ko a allon kwamfuta. A makaranta ce mana aka yi ma'anarta gudu, aka wuce gaba. Ba ƙarya aka yi ba. Sai dai mai karanta labaran kasuwanci ko na siyasa yana iya cinye shafuka kalmar tana fitowa a kowane sakin layi, ba tare da kowa ya ɗaga ƙafa ba.

Ga girman abin da na ɗauko. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, na 1989, *set* ce ke riƙe da kambu, da ma'anoni 430 a matsayin aikatau, bayaninta kuma ya kai kalmomi wajen 60,000. Da aka shiga sabunta ƙamusun daga harafin M a shekarar 2000, *make* ta karɓe kambun, *put* ta ƙwace a 2007, sannan a 2011 *run* ta iso da ma'anoni 645, na aikatau kaɗai, ban da na suna. Editan da ya yi aikin, Peter Gilliver, sai da ya shafe wata tara a kanta.

Ni ba ƙamus zan kwafa ba. Ƙa'idar da na gindaya wa kaina ita ce kowace ma'ana sai na tsinto ta a cikin jimlar da wani ya rubuta ko ya faɗa, in ɗora ta a kati, jimla ɗaya kati ɗaya.

15 ga Janairu

Makon nan tarihi na karanta, kuma ya warware mini wani ƙulli tun kafin in iso gare shi. A Tsohon Turanci kalmomi biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai *rinnan*, da ake kuma juyawa a ce *irnan*, aikatau ƙi-karɓau, wato wanda aikinsa ba ya faɗawa kan wani abu, mai nufin mutum ya ruga ko ruwa ya malala. Akwai kuma *ærnan*, mai nufin a sa wani abu gudu, musamman doki a wajen sukuwa. Da tafiya ta yi tafiya suka narke suka zama ɗaya, harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a Ingila ma ya ƙara musu ƙarfi da tasa kalmar mai kama da su. Jamusanci har yau yana riƙe da biyu: *rinnen* ta ruwa, *rennen* ta ƙafa.

Ke nan malalar ruwa ba aro aka yi daga gudun ƙafa ba, tare suka taso. Haka nan sa abu ya yi gudu tsohuwar ma'ana ce, ba ta jiya ba. Wannan ya sa na fasa sa gudu a kan gaba a matsayin uwar sauran.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Hausa ta bi kusan wannan turbar da kanta. Muna da gudu, muna da gudana ta ruwa, muna da gudanar da taro ko kamfani, wanda shi ne daidai *run a meeting* da *run a company*. Har ciwon cikin da Bature ke kira *the runs* a maganar yau da kullum, mu gudawa muke ce masa. Zan yi amfani da wannan a babin farko, amma da gargaɗi mai kauri, domin inda harsuna biyu suka yi kama sosai nan aka fi zamewa. In Bahaushe ya ce mota tana gudu, nufinsa direba ya taka wuta. In Bature ya ce *the car is running*, wataƙila tana tsaye cik a ƙofar gida, injinta ne kawai ke kunne. Sannan gudun da muke yi na kauce wa abu, kamar don gudun ɓacin rai, *run* ita kaɗai ba ta ɗaukarsa, sai an haɗa ta da *from* ko *away*, sau da yawa ma wata kalmar daban ake nema.

28 ga Janairu

Katuna sun yi yawa, dole a fara kasa su. Na gwada bin tsarin tarihi irin na Oxford, na ga mai karatuna ba ruwansa da wacce ta girmi wacce. Tambayar da ke gabansa idan ya ci karo da jimla ita ce me ake nufi a nan. Amsar kuwa kusan kullum tana jikin aikau, wato wane ne ko mene ne ke yin *run* ɗin. Mai ƙafa ne, ko ruwa, ko inji, ko abin hawa mai jadawali kamar jirgin ƙasa, ko lokaci, ko abin da ba ya motsi sam.

Kason ƙarshen nan ya fi riƙe ni. Bature na cewa hanya *runs* daga wannan gari zuwa wancan, shinge *runs* a bayan gida, bututu *runs* a ƙarƙashin ƙasa. Misalin da na zaɓa shi ne kogin Rio Grande, domin yana ba da ma'anoni biyu a wuri ɗaya: kogin kansa *runs* zuwa tekun Meksiko, ruwa ne mai tafiya, iyakar jihar Texas da ƙasar Meksiko kuma *runs along* kogin, alhali iyaka ba ta zuwa ko'ina. Abin da ke tafiya shi ne idon mai kallo, ko yatsansa a kan taswira. Mu ma muna cewa hanya ta miƙe, ta ratsa daji, ta ɓulle a wuri kaza, saboda haka tunanin ba baƙo ba ne, kalmar ce dai daban.

Daga nan taki ɗaya ne zuwa lokaci. Kwangila *runs for two years*, wato tana aiki har shekara biyu. Ciwon sukari *runs in the family*, wato gado ne, yana bin jini. A dukansu akwai abu mai tsawo da ke ci gaba ba yankewa, ko a fili, ko a kalanda, ko a zuriya. Ina ganin wannan ci gaba ba yankewa shi ne zaren da ya fi ɗinke ma'anonin, fiye da sauri. Sauri na mai ƙafa ne kawai.

3 ga Fabrairu

Babin ruwa ya sauka da sauƙi. Abu ɗaya ne ke buƙatar bayani: Turanci na ɗauke kalmar daga ruwan ya ɗora wa mazubinsa. Kogi *runs*, famfo ma *runs*, hancin mai mura ma *runs*. Rijiya *runs dry* in ta ƙafe. Launin tufa *runs* a wajen wanki, abin da muke cewa yana zuba. *Run a bath* kuwa tara ruwan wanka ne a baho.

12 ga Fabrairu

So-karɓau, wato inda aikin *run* ke faɗawa kan wani abu, karɓau. A nan na ga katunan da na tara wuri ɗaya ba 'yan gida ɗaya ba ne, sura ce kawai ta haɗa su.

A *run a company*, *run a machine*, *run a test*, mutum ne ke sa abu ya yi aiki, jikokin tsohuwar *ærnan* ke nan. Jarida ma *runs a story*, ta buga labari. Amma a *run a red light* direba ba danja yake tuƙawa ba, ƙin tsayawa ya yi ya keta ta. Haka *run a blockade*, jirgin ruwa ya kutsa ta cikin ƙawanyar abokan gaba. Karɓau a nan shi ne shingen da aka ratsa. A *run a marathon* karɓau nisan ne. A *run errands* aike ne. A *run guns* kaya ne na fasa-ƙwauri, kuma daga wannan ma'ana aka sami sunan *rum-runners*, masu shigar da giya Amurka a ɓoye lokacin da aka haramta ta daga 1920 zuwa 1933.

Sai biyu da suka ƙi shiga ko'ina: *run a fever* da *run a risk*. Mai zazzaɓi ba ya sarrafa zazzaɓinsa, shi ne ma abin tausayi a jimlar, duk da nahawu ya ba shi kujerar aikau. Mai shiga kasada shi ma ba gudanar da ita yake yi ba. Na ba su akwati nasu a gefen shafi, a haddace su kawai. Ƙirƙiro musu dalili zai fi cutar da mai karatu.

20 ga Fabrairu

Siyasa. Ba'amurke *runs for office*, Baturen Ingila a al'adarsa *stands for election*, ko da yake salon Amurka ya shiga bakin 'yan jaridar Ingila sosai. Tsayawa takara tamu ta yi daidai da ta Ingila. Wannan babi cike yake da ƙurar filin tsere: *running mate*, abokin takara mai neman kujerar mataimaki, da *also-ran*, wanda ya shiga tsere bai tsinana komai ba, duk daga tseren dawaki suka fito. *Front-runner* shi ne na kan gaba, *runner-up* wanda ya zo na biyu. *Runoff* zagaye na biyu ne idan ba wanda ya kai adadin ƙuri'un da doka ta nema, kamar wanda aka yi a jihar Jojiya ran 5 ga Janairu 2021 a kan kujeru biyu na majalisar dattawan Amurka. Kalmar nan ɗaya a bakin masanin ƙasa tana nufin ruwan saman da ya kwarara bai nutse ba.

Na sa jimloli biyu gefe da gefe da manyan baƙaƙe: *she is running for president* da *she is running the country*. Ta farko nema take yi, ta biyu tana kan mulki. Mai fassara labari cikin gaggawa, in idonsa ya tsallake *for*, ya naɗa shugaba kafin zaɓe.

2 ga Maris

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙananan kalmomin da ke biyo bayan *run*, irin su *out*, *over*, *down*, *into*, *up*, a littafin na sa musu suna 'yan rakiya, kuma kowace da nata tarin ma'anonin.

Ɗauki *run over*. Mota ta take mutum. Taro ya wuce lokacin da aka ɗiba masa. Kofi ya cika ya tumbatsa. Ɗalibi ya yi bitar darasi sama-sama. *Run down* ta fi haka ɓarna: a buge mutum da mota, a kushe shi a bayan idonsa, batir ya sauka, ɗan sanda ya bi sawun ɓarawo har ya cim masa. In ta zama sifa, gini ne da ya lalace ko mutumin da gajiya ta cinye. In ta zama suna, *rundown*, taƙaitaccen bayani ne. *Run into* ka yi kiciɓis da tsohon aboki, ko ka yi karo da bango, ko kuɗin aiki ya kai miliyoyi. *Run up* tara bashi ne, amma *run-up* kwanakin gab da wani babban abu ne, kamar zaɓe.

*Run out* kuwa tana juya jimla gaba da baya. *Time ran out*, lokaci ya ƙare. *We ran out of time*, lokaci ya ƙare mana. Magana ɗaya ce, amma a ta biyu mu ne aikau, kuma wanda ya bi kalma da kalma zai zaci mun ruga waje ne.

Na kai wa tsohon malamina na Turanci wannan babin ya duba. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau, ya ce, "Kai, wannan ai jerawa za ka yi bisa abacada kamar kowane ƙamus. Mai nema ba shi da lokacin wa'azinka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ku kuka koya mana cewa *out* tana ɗauke da ƙarewa, a *sell out* da *wear out* da *die out*. In na tara su ƙarƙashin 'yar rakiyar, wanda ya gane ta a nan zai gane ta a wajen wasu kalmomin."

Ya ce, "To *over* fa? Take mutum da bitar darasi, me ya haɗa su?"

Na ce bi ta kan abu ne, ɗaya da taya, ɗaya da ido. Ya yi dariya ya ce wayo ne, amma ya yarda da rabi. Mun tsaya a kan cewa babin zai zauna yadda na tsara, sannan a ƙarshen littafin a sa jeri na abacada mai nuna shafi.

11 ga Maris

*Run* a matsayin suna. Wadda za ta fi cin shafi ita ce *a run on the bank*, domin sai an san yadda banki ke aiki kafin a gane ta. Banki ba ya ajiye duk kuɗin masu ajiya a ma'aji, yawancinsu ya ba da rance ko ya saka a takardun lamuni masu dogon wa'adi. Muddin mutane na zuwa jefi-jefi, ba matsala. In jita-jita ta tashi kowa ya zo karɓar nasa a rana ɗaya, ko lafiyayyen banki sai ya durƙusa, kuma tsoron kansa ne ke haifar da abin da ake tsoro. A watan Satumba 2007 an ga dogayen layuka a ƙofar rassan Northern Rock a Birtaniya. Ran 9 ga Maris 2023 masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka suka nemi cire dala biliyan 42 cikin yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. A wannan karon ko layin ba a yi ba, daga waya da kwamfuta aka kwashe, amma sunan bai canza ba.

Wasan kurket ma haka. Makinsa *run* ne saboda 'yan wasa na rugawa tsakanin turaku biyu, amma wanda ya doka ƙwallo ta tsallake iyakar fili a sama ya sami shida yana tsaye. Brian Lara ya tara 400 a zubi ɗaya a karawa da Ingila a Antigua a 2004.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. *Print run*, adadin kwafin da aka buga a zubi ɗaya. *Run* na wasan dandamali, tsawon lokacin da aka yi ana nuna shi. *Run* a jikin safar mata, inda zare ya tsinke ya warware a tsaye, wanda a Ingila ake kira *ladder*, wato tsani. *Chicken run*, shingen kaji. A wasu jihohin gabashin Amurka kuma ƙaramin rafi sunansa *run*, shi ya sa Bull Run, inda aka gwabza sau biyu a yaƙin basasa, a 1861 da 1862, rafi ne a jihar Bajiniya, ba tseren bijimai ba.

19 ga Maris

Babin kwamfuta gajere ne, domin ɗan babin inji ne. Manhaja *runs*, mutum *runs* manhaja, waya *runs on* Android kamar yadda mota *runs on* fetur. Mai Windows in ya danna maɓallin tambarin tare da R zai ga akwati mai wannan suna.

Marubuci Simon Winchester ya yi hasashe a 2011 cewa zamanin injuna da na kwamfuta ne ya ɗaga *run* a kan *set*. Rabin maganar na yarda da shi, katunana sun shaida. Ɗaya rabin kuwa, alƙaluman nan biyu, 430 na *set* da 645 na *run*, ba a zamani ɗaya aka auna su ba. Yawancin bayanin *set* na bugun 1989 an rubuta shi tun farkon ƙarni na 20, lokacin da ake tattara misalai da hannu a kan 'yan takardu. Na *run* an sake shi ne da rumbunan rubutu na kwamfuta a gaban edita. A gabatarwa zan ambaci 645 ɗin sau ɗaya, tare da wannan sharaɗi.

27 ga Maris

Tambayar da nake ta ɗagewa ta tare hanya: ina ma'ana ɗaya take ƙarewa wata ta fara? Inji *runs*, manhaja *runs*, agogo *runs*. Uku ne ko ɗaya? Wani edita zai raba, wani zai haɗe, kuma kowannensu yana da hujja. Adadin ma'anoni hukuncin mai ƙamus ne gwargwadon faɗin takardarsa.

Gwajin da ya fi yi mini amfani shi ne a ɗaura karɓau biyu a kan aikatau ɗaya. *She runs a school and a clinic* lafiya lau take, ke nan ma'ana ɗaya ce. *He ran a marathon and a bank* kuwa ta zama barkwanci, kunne ya ji an yi tsalle, ke nan biyu ne. Na so in ƙara da gwajin fassara, wato duk inda Hausa ta nemi wani aikatau daban in buɗe sabuwar ma'ana, amma wannan yadda Hausa ta yanka duniya yake nunawa, ba yadda Turanci ya yanka ta ba. Zan yi amfani da shi wajen zaɓen inda zan ja kunnen mai karatu kawai.

A gabatarwar kuma zan tuna masa da kalmarmu ta ci. Ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci sarauta, ci gaba, wuta ta ci gida. Ba Bahaushen da ya taɓa zama ya haddace jerinsu, kuma ba wanda ke rikicewa, domin kalmar da ke kusa ce ke yanke hukunci. Haka ɗan Ingila yake da *run*, kuma irin wannan kunnen nake so littafin ya gina.

8 ga Afrilu

Daskararrun maganganu. *Run amok*, a haukace a afka wa jama'a, rabinta na biyu daga harshen Malay ne. *Run the gauntlet* ba ruwanta da safar hannun mayaƙa duk da rubutun ya yi kama. Daga *gatlopp* ta harshen Suwidin take, horon soja inda mai laifi ke ratsa tsakanin sahu biyu ana dukansa. *In the long run* na bar ta da maganar masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ta 1923, *in the long run we are all dead*, wato a can gaba mai nisa ai duk mun mutu, martaninsa ga masu cewa a yi haƙuri kasuwa za ta gyara kanta. Na zubar da katuna da dama na maganganun jirgin ruwa da na farauta. Suna da daɗi, amma mai karatuna zai tsufa bai gamu da su ba.

Na ƙara ɗan akwatin nahawu: *run, ran, run*, siga ta uku ta koma irin ta farko, saboda haka *has ran* kuskure ne a daidaitaccen rubutu ko da ana jin ta a baki.

16 ga Afrilu

Babin mai ƙafa, na ruwa, na inji, na abin da ba ya motsi da na siyasa sun kammala. Na 'yan rakiya yana hannun Malam karo na biyu. Na ba wasu masu karatu kanun labarai na gaske su fassara kafin su karanta daftarin da kuma bayan sun karanta. Inda aka fi samun sauyi shi ne *run out of* da *run for*. Inda har yanzu ake tuntuɓe shi ne *run down*, don haka zan ƙara mata misalai, in kuma raba sifar da sunan a shafi daban.

Saura *running*, wadda ban taɓa ba tukuna: *running water* na famfo, *running costs* na kuɗin tafiyar da aiki, *running total* na jimillar da ake ƙarawa a kai a kai, *three years running* na shekara uku a jere, *in the running* na wanda har yanzu yana cikin takara. Katunanta na cikin ambulan guda, ba a kasa su ba. Da su zan fara ranar Litinin, sannan jerin abacada.